Kurakuran da aka fi yi kan sarautun gidan Spencer da Churchill na Ingila

Gidan Spencer na cikin gidajen manyan Ingila da sunansu ya fi yawo a bakin Hausawa, ko da ba a lura ba, domin daga cikinsa Diana, Gimbiyar Wales, ta fito, kuma Winston Churchill ma jininsu ne. Tun 1508 suke zaune a Althorp da ke yankin Northamptonshire, arzikinsu na farko kuwa daga kiwon tumaki ya samo asali. Amma idan ana ba da labarinsu a rediyo ko a Facebook, sai ka ji an yi wa sarautunsu kwaɗo, an ba wannan rawanin wancan. Tushen kuskuren ɗaya ne. A can, mutum ɗaya tak ke riƙe da sarautar gida a kowane lokaci, kuma takardar da aka ba kakan farko ranar naɗinsa ita ce ke faɗin wanda zai gada.

Matakan biyar ne, daga sama zuwa ƙasa: Duke, Marquess, Earl, Viscount, sai Baron. Mai laƙabin Sa ba ya cikinsu.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a ɗauka duk ɗan gidan mai sarauta ne, wato Lord. Shi ya sa wasu ke rubuta "Lord Churchill" suna nufin firaministan da ya jagoranci Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu. Gaskiya ne a fadar Blenheim aka haife shi a 1874, kuma kakansa shi ne Duke na Marlborough na 7. Sai dai mahaifinsa, Randolph, ba shi ne magaji ba. Ana kiransa Lord Randolph ne saboda al'ada ta yarda a girmama ƙananan 'ya'yan Duke da wannan laƙabi haɗe da sunan yanka, kuma laƙabin ba ya sauka kan 'ya'yansu. Don haka Winston ya tashi ba shi da sarauta ko ɗaya, shi ya sa ya iya tsayawa zaɓe ya zauna a majalisar wakilai. Sai a 1953 Sarauniya Elizabeth ta ba shi lambar girma ya zama Sa Winston. Laƙabin Sa kuwa da sunan yanka yake tafiya, kamar yadda muke cewa Sa Ahmadu ko Sa Abubakar, saboda haka "Sa Churchill" ma kuskure ne. Matarsa Clementine ce aka yi wa Baroness, wato Baron mace, a 1965, irin sarautar da ke ƙarewa da mutuwar mai ita.

Sai batun gado, inda aka fi ruɗewa. Mutane na zaton ɗan fari ke gada, namiji ne ko mace. A gidan Spencer, Sarah ce babba, sai Jane, sai Diana, Charles shi ne auta. Da mahaifinsu ya rasu a 1992, Charles ne ya zama Earl Spencer na 9, domin takardar sarautar ta keɓe gadon ga 'ya'ya maza. Shi ma 'ya'yansa uku na farko mata ne, amma Louis da aka haifa a 1994 shi ne magaji. Wasu na kafa hujja da dokar 2013 da ta daidaita mace da namiji a gado. Wannan doka gadon kujerar sarkin Ingila kaɗai ta shafa, ba ta taɓa sarautun waɗannan gidaje ba. A ganina wannan wariya ce da ya kamata a ce an daɗe da gyara ta, amma mai rubuta tarihi dole ya faɗi abin da ke nan. A kuma lura cewa babu masu zaɓen sarki da za su zauna su tantance 'yan takara kamar yadda muka sani a masarautunmu. Da mai sarauta ya cika, magaji ya gada, kuma uba ba shi da ikon sauya shi da wasiyya.

To yaya aka yi sarautar Marlborough ta bi ta hannun mace? Wannan tambaya ita ce ke warware dangantakar gidajen biyu. John Churchill babban kwamandan yaƙi ne, an yi masa Duke a 1702, ya ci sojojin Faransa da Bavariya a yaƙin Blenheim a 1704. Ɗansa namiji da ya rage ya mutu da cutar agana a 1703. Don kada sarautar ta mutu da shi, majalisa ta yi doka ta musamman a 1706 da ta yarda 'ya'yansa mata da zuriyarsu su gada. Da ya rasu a 1722, 'yarsa Henrietta ta hau. Ita kuma da ta rasu a 1733, sarautar ta koma kan ɗan ƙanwarta Anne, wadda ta auri Charles Spencer, Earl na Sunderland na 3. Ta haka wani Spencer ya zama Duke na Marlborough na 3. Gidan Althorp kuwa ya koma hannun ƙanensa John, kuma ɗan wannan John ɗin aka yi wa Earl Spencer na farko a 1765.

Reshen babban wan shi ne na Winston, reshen ƙanen shi ne na Diana. Sunan Churchill ma sai a 1817 Duke na 5 ya nemi izini ya dawo da shi, suka koma Spencer-Churchill. Saboda haka wanda ya ce Diana jikar Winston ce ya yi kuskure, wanda ya ce ba su haɗa komai ba shi ma ya yi kuskure. 'Yan uwa ne na nesa da suka haɗu a kan Anne da mijinta. Labarin ya kuma nuna cewa gida da gona na iya bin hanya daban da sarauta.

Akwai kuma laƙabin aro. Babban ɗan Duke na Marlborough ana kiransa Marquess na Blandford, magajin Earl Spencer kuma Viscount Althorp. Waɗannan ƙananan sarautun mahaifinsu ne, aro aka ba su don girmamawa, uban ne mai su a doka. Idan ka gane wannan, za ka gane dalilin da sunan Diana ya yi ta sauyawa. Lokacin da aka haife ta a 1961 mahaifinta Viscount Althorp ne, don haka ba a kiranta Lady. Sai da kakanta ya rasu a 1975, mahaifinta ya zama Earl na 8, sannan ta zama Lady Diana Spencer. Auren 1981 ne ya mai da ita Gimbiyar Wales. Gyaran a nan shi ne a kira mutum da laƙabin da yake da shi a shekarar da ake magana a kai. Mu ma muna da misali a tarihinmu. Gwamna Lugga da ya ci Sakkwato a 1903 ya kuma haɗe Najeriya a 1914, Sa Frederick Lugard ne a lokacin. Sai a 1928 ya zama Lord, kuma da ya mutu a 1945 bai bar ɗa ba, sarautar ta ƙare.

Sunan gari a jikin sarauta ba ya nufin mulkin garin. Marlborough na yankin Wiltshire, amma gidan Duke ɗin na Woodstock a Oxfordshire, kuma ba ya karɓar haraji ko yanke shari'a a ko'ina cikinsu. Wasu sarautun ma ba su da sunan gari: Spencer sunan iyali ne, don haka Earl Spencer ake cewa, ba a saka "na" a tsakani. Kujerar majalisar dattawa da take zuwa tare da gadon ita ma dokar 1999 ta ƙwace ta daga yawancinsu, aka bar 92 kawai a wancan lokacin.

Abu na ƙarshe da ke kayar da masu rubutu shi ne maimaita suna. Mijin Anne Charles Spencer ne, ɗansu da ya zama Duke na 3 Charles Spencer ne, Earl Spencer na 6 Charles ne, ƙanin Diana ma haka. Idan za ka ambaci ɗayansu, ka haɗa sunansa da sarautarsa da lambarsa, in da hali ka ƙara shekarar da ya hau. Idan ka ga wata takarda ta ce "Charles Spencer" kawai, duba shekarar tukuna, domin tsakanin na farko da na ƙarshe akwai kusan shekara ɗari uku.