Yadda Ake Koya wa Yara Judo a Gombe

Yaron da ya tashi a Bolari ko Jekadafari ya san kokawa tun kafin ya iya ƙirga. A kan yashi ya koye ta, kuma abu ɗaya ya riƙe: wanda ya sha ƙasa shi ne abin dariyar unguwa. Ranar da ka tara irin waɗannan yara za ka koya musu judo, wannan tunanin ne za ka fi shan fama da shi, domin ita judo daga faɗuwa ake fara ta.

Wani malamin makaranta ɗan Japan, Jigoro Kano, ne ya kafa ta a Tokiyo a 1882. Ya tsamo ta daga tsohon salon faɗa na jujutsu, ya tace abin da ke nakasa mutum, ya mai da ita hanyar tarbiyya. Ta shiga gasar Olamfik a 1964, yanzu kuma kowace ƙasa da yadda take bi da yaranta. Akwai abin ɗauka a wajensu, akwai na bari.

Mataki na farko: iyaye

Kada ka karɓi yaro sai ka zauna da mahaifinsa. Tambayar da za ka fara ji ita ce, "Malam, wannan ruku'un da suke yi wa juna fa?" Kada ka yi masa gardama, kada kuma ka mai da kanka mai fatawa. Faɗa masa gaskiya: a Japan sunkuyar da kai gaisuwa ce, kamar yadda muke musabaha, kuma ana yin ta ne don yaro ya tuna abokin karawarsa ba maƙiyinsa ba ne. A ajinka kana iya sa su tsaya cak su yi musabaha. Amma ka sanar da shi tun yanzu cewa a gasar hukuma doka ce a sunkuya, ya je ya tambayi malaminsa kafin ranar ta zo.

Ajin Gombe ba ya rasa ɗan Fulani, ɗan Tangale, ɗan Tera da ɗan Ibo mai shago a Sabon Layi. Kalmomin judo na Japananci sukan yi amfani a nan, don babu wanda ya gaje su. Uku sun isa a farko: hajime wato fara, mate wato tsaya, sai ukemi, faɗuwa. Mate ce uwarsu. Yaron da bai saki abokinsa da jin ta ba, a zaunar da shi.

'Yan mata kuwa, a ware musu lokacinsu, a nemo mace ta tsaya a kansu. Su sa riga a ciki da ɗankwali mai kama kai, ba fil ba allura. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 wata 'yar Saudiyya, Wojdan Shaherkani, ta fafata kanta a rufe, don haka ba a kansu farau ba.

Na biyu: shimfiɗa da kaya

Shimfiɗar judo ta ainihi, tatami, kowace ɗaya mita 2 ce a tsawo, mita 1 a faɗi, kuma tana da tsada. In babu, a zagaye wuri da katako, a zuba ɓuntun shinkafa ko garin katako mai kauri, a daddaɓe, a ja tamfol a kai ya miƙe ba lanƙwasa. Katifar kwana ba ta yi, ƙafa na nutsewa a cikinta sai targaɗe. Siminti kuwa ko da wasa.

Tela zai iya ɗinka rigar da yadi mai kauri, ba maɓalli, ba zif, ba aljihu. A yanke farce, a cire zobe, awarwaro da laya. Alhamis da Juma'a da yamma sun fi dacewa tunda yawancin Islamiyyu na hutu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da garin ke tafasa, minti 40 ya isa, da ruwan sha a gefe.

Na uku: faɗuwa

Nan ne aikin yake, kuma nan masu koyarwa ke gaggawa. A Japan ɗin kanta, tsakanin 1983 da 2011, 'yan makaranta sama da 100 ne suka rasu wajen judo, akasarinsu sababbin shiga da kansu ya bugu. Ba shimfiɗa suka rasa ba. An jefa su ne kafin su iya sauka.

Fara da yaro a kwance rigingine. Ya ɗaga kai ya manna haɓa a ƙirji, idonsa a kan ƙullin ɗamararsa. Sai ya daki shimfiɗa da hannaye biyu, tafi a ƙasa, hannun a miƙe, ba a manne da jiki ba, ba kuma a ware kamar fiffike ba. Dukan ne ke shanye ƙarfin faɗuwar. In ya iya, ya yi daga zaune, sannan daga tsugune, sai can daga baya a tsaye. Bayan nan faɗuwar gefe, dama da hagu, sannan wuntsilawa gaba ta kan kafaɗa.

Za ka ga ɗan kokawa na dogara hannu a ƙasa don kada bayansa ya taɓa. Haka ake karya wuyan hannu da gwiwar hannu. Faɗa ba ya raba shi da wannan ɗabi'a, abin da ke raba shi da ita shi ne ya ga kai malam ka faɗi. Ni nakan kira mafi ƙanƙanta a ajin in ce, "Zo ka ka da ni." Ya ɗan tura, in faɗi tim, in daki tamfol ya yi ƙara, in miƙe ina karkaɗe riga. Dariya za su yi ranar farko. Zuwa mako na biyu gasar wanda dukansa ya fi ƙara suke yi. Kada ka bar kowa ya yi wa wanda ya faɗi ihu, ko sau ɗaya.

Ba su makonni a kan wannan, ko da iyaye na cewa har yanzu ba a fara komai ba.

Na huɗu: danne, sannan kayarwa

Kafin a miƙe tsaye, a yi wasan ƙasa. Koya musu kesa-gatame: ka zauna gefen wanda ke kwance, hannu ɗaya ya zagaye wuyansa ba shaƙa, ɗayan ya maƙale hannunsa a hammata, shi kuma ya yi ta ƙoƙarin kuɓucewa. Faransawa sun ƙware a nan. Suna karɓar yara tun suna shekara 4 ko 5, amma wasanni kawai ake sa su, gungurawa da ja-in-ja, ba jifa.

Kayarwar farko ta zama ta ƙugu, o-goshi, ita ma a hankali, mai jifan yana riƙe da hannun rigar abokinsa har ya sauka. Ɗan kokawa zai kama ta nan da nan, sai dai a hana shi cafkar ƙafa. Taɗiyar da ke kai mutum baya, o-soto-gari, a jinkirta ta, ita ce mai buga ƙeya. Shaƙe wuya da murɗe hannu ba na yara ba ne sam. A haɗa su gwargwadon nauyi, ba shekaru kaɗai ba. Yaron da kansa ya bugu ya ce yana jiri ko ya yi amai, asibiti za a kai shi, kuma ba zai koma shimfiɗa ranar ba.

Na biyar: ɗamara da gasa

Ɗamara kala-kala, fara zuwa rawaya zuwa ruwan lemo, a Turai ta bazu, musamman ta hannun Mikinosuke Kawaishi a Faransa, don ya lura ɗalibansa na son ganin alamar ci gaba. Yaranmu ma haka suke. Rina tsumma ba wuya, amma sharaɗin samun rawaya ya zama iya faɗuwa ta kowane ɓangare, ba yawan waɗanda ya kayar ba.

Gasa kuma kada a yi rawar ƙafa. A 2022 hukumar judo ta Japan ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare, saboda matsin da iyaye da masu horarwa ke yi wa yara ya wuce gona da iri, har ana sa su rage nauyi. In za ka shirya taku, gayyaci iyaye ranar Asabar, kowane yaro ya kara da mutum uku, minti biyu-biyu, kuma kafin a ce hajime ta farko, a jera su gaba ɗaya su nuna wa iyayensu ukemi.