Yadda Ake Horar da Ma'aikatan Asibiti Kan Kula da Mai Kuɓucewar Fitsari

Babban kuskure a ɗakin jinya shi ne da zarar an ga zanen gado ya jiƙe sai a ɗaura wa majinyaci famfas ko a sa masa robar fitsari. Horon ya fara da kawar da wannan ɗabi'a, a koya wa ma'aikaci neman dalili tukuna.

Da farko, tambaya. A ja labule, a sassauta murya. Dattijo ba zai faɗa wa yarinyar nas cewa fitsari na kuɓuce masa ba, sai an bi shi da ladabi: "Baba, kana samun isa banɗaki a kan lokaci?" Amsar ce ke raba nau'o'in. Wani sai ya yi tari ko atishawa fitsarin ke fita. Wani matsuwa ce ke zuwa masa farat ɗaya. Wani kuma mafitsararsa ce ta cika ta kasa juyewa, tana ɗiga kaɗan-kaɗan, galibi saboda kumburin furostet (wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ko taurin bayan gida. Akwai wanda mafitsararsa lafiya lau, banɗakin ne ya yi masa nisa. Macen da fitsari ke zubo mata dare da rana tun bayan doguwar naƙuda kuwa, yoyon fitsari ake zargi, a tura ta cibiya irin ta Babbar Ruga da ke Katsina.

Sai rubutu na kwana 3: abin da majinyaci ya sha, lokacin fitsari, yawansa da mililita. Daga nan a tsara kai shi banɗaki ko miƙa masa fo duk awa 2 zuwa 3. Kada a rage masa ruwa. Fitsari mai kauri ƙara tsokanar mafitsara yake yi. Ya sha lita 1.5 zuwa 2 a rana, sai in likita ya hana.

Fata ma a gwada wankinta a aikace: ruwan ɗumi, a tsane ba gurzawa, a shafa man zinc siriri. Sabulu mai ƙarfi na cinye maiƙon fata, mai da yawa kuma toshe famfas yake yi ya hana shi tsotsewa. Famfas biyu a haɗe ba ya ƙara komai sai zafi da gyambo.

In robar ta zama dole, lamba 12 ko 14 ta wadatar wa babba, a cika ƙullinta, wato balan-balan ɗin da ke riƙe ta cikin mafitsara, da tsaftataccen ruwan allura mililita 10. Jakar ta zauna ƙasa da mafitsara, kada ta taɓa ƙasa, a juye ta kafin ta cika. Kowace safiya a tambayi likita ko za a cire, domin duk kwanan da ta ƙara, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta ƙaruwa yake yi.