Yadda za ka tsara addu'arka ta kullum in kai ɗan Katolika ne a Sakkwato

'Yan'uwa cikin Kristi, bayan Mas ranar Lahadi wata 'yar'uwa ta tsare ni a bakin ƙofa wai ita fa ta gaji, duk lokacin azuminmu na kafin Ista sai ta ɗau alkawari za ta riƙa Rosari kullum da karatun Littafi Mai Tsarki babi uku, sati biyu kawai abin ya watse, kuma kunya ta hana ta sake farawa. Na yi dariya don ni ma haka na yi shekara da shekaru. Matsalar ba rashin bangaskiya ba ce, mun cika ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin wuyanmu ne, sannan ba mu ɗaure addu'ar da wani lokaci tsayayye.

To a garin nan agogo kyauta muke da shi. Ko a Mabera kake ko Gawon Nama ko Runjin Sambo, kiran sallar asuba zai shigo maka har ɗaka kana so ko ba ka so. Maƙwabtanmu Musulmi sun tashi sun nufi masallaci, kai maimakon ka ja tsaki ka gyara kwanciya, tashi zaune a bakin gado. Ka yi alamar gicciye, da sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki, ka miƙa wa Allah yinin gaba ɗaya da aikinka da gajiyarka da duk wanda zai ɓata maka rai, sai Ubanmu ɗaya, A gaishe ki Maryamu ɗaya, Ɗaukaka ga Uba ɗaya. Minti uku bai kai ba. Kuma dan Allah kar ka taɓa waya kafin ka gama, in ka buɗe WhatsApp shikenan an wuce wurin. Sati biyu na farko wannan kaɗai nake so ka riƙe, kar ka ƙara komai ko da zuciya tana zuga ka.

In ya zauna sai ka ƙara addu'ar Mala'ikan Ubangiji, wadda aka fi sani da Anjelus. Sau uku ake yi, 6 na safe, 12 na rana, 6 na yamma. Ta yamma ba wuya tunda kiran magariba na kusa da ita, da sanyi yakan zo shida da 'yan mintoci, da damina ya kai wajen bakwai, in ka makara ya tuna maka. Ta tsakar rana ce ke kuɓucewa saboda azahar sai wajen biyu, dole ka sa ƙararrawa a waya. Kana shago a kasuwa ko kana bisa kabu-kabu a cikin zafin nan na Afrilu da ke wuce digiri 40, ba sai ka durƙusa ba, faɗe ta a zuci. Amma ka lura, daga Ista har Fentikos, kwana 50 ɗin nan, ba a yin Anjelus, ana musanya ta da Regina Caeli, wato murnar Sarauniyar Sama da tashin Ɗanta. Mutane da yawa ba su sani ba suna ta yin ta da.

Yanzu Rosari, inda kowa ke faɗuwa. A gaishe ki Maryamu ce goma-goma sau biyar a kan carbi, in ka natsu minti 20 ya isa. Kowace goma da asirinta, wato wani abu daga rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kai. Litinin da Asabar asirai na farin ciki, Talata da Juma'a na baƙin ciki, Laraba da Lahadi na ɗaukaka, Alhamis kuma na haske, su waɗannan Fafaroma John Paul na biyu ne ya ƙara su a 2002, shi ya sa in ka ɗauko tsohon littafin addu'ar mama ba za ka gan su ciki ba, ba wai littafin ne jabu ba. Shawarata kar ka bar Rosari sai ka kwanta, wallahi kafin goma ta biyu carbin ya faɗi ƙasa kana minshari, ni shaida ne. Raba shi. Goma ɗaya a hanyar aiki, ɗaya kana jiran a tara ruwa a famfo, sauran da yamma tare da iyali a tsakar gida lokacin da NEPA ta ɗauke wuta dama ba talabijin ɗin da zai janye yara. Ka ba kowane yaro goma ɗaya ya ja, ƙaramin ko yana cin tuntuɓe ka ƙyale shi. Kuma kafin kowace goma ka tsaya ka faɗi asirin ka ɗan yi shiru, ba tseren doki ake ba, wasu in suna ja sai ka rantse motar Illela ce za ta bar su. In gida babu mai taya ka, shiga Zumuntar Mata ko Lijiyon na Maryamu ko masu Rosari na unguwa, musamman a Mayu da Oktoba.

Ƙarfe 3 na rana akwai carbin Jinƙan Allah da ya zo ta hannun Waliyya Faustina 'yar ƙasar Folan, da carbin Rosari ɗinka ake yi, minti bakwai zuwa goma. Ko ba ka samu yi kullum ba ka riƙe na Juma'a.

Maganar littattafai kuwa, kar ka kwashi kuɗi ka sayo tuli. Uku sun isa. Na farko Littafi Mai Tsarki, amma ka buɗe shafin farko ka duba kafin ka biya, namu littattafai 73 ne, wanda aka fi samu a kasuwa 66 ne, in ba ka ga Tobit da Judit da Makabiyawa ba to wata rana za a karanta abu a coci ka neme shi ka rasa. Na biyu ƙaramin littafin addu'a na aljihu mai ɗauke da addu'ar safe da dare, addu'ar tuba, yadda ake shirin ikirari, wato furta zunubi gaban Fada, da Hanyar Gicciye mai tasha 14, ka tambayi katakis ɗinku ko masu sayar da kayan ibada a harabar babban cocin Holy Family, ka ce na Hausa kake so in shi ya fi shigar maka zuciya. Na uku ɗan littafin karatun Mas na kowace rana. Ranakun Lahadi zagayen shekara uku ne, shekarar Matiyu, ta Markus, ta Luka, ranakun mako kuma karatun farko zagayen shekara biyu, don haka wanda ke karanta bisharar ranar kawai, ayoyi goma ko sha biyar, yana tafiya ne tare da Ikilisiya duk duniya ba tare da ya yi ta lalube ba. Karanta sau biyu a hankali, kalmar da ta tsaya maka a rai ka riƙe ta har dare.

Masu son su ƙara zurfi akwai Addu'ar Sa'o'i, wadda Fada da sistoci ke yi. Da ana ganin kamar tasu ce su kaɗai, amma babban taron Batikan na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965 ya ƙarfafa mu talakawan coci mu ma mu shiga. Zabura ce aka shimfiɗa a kan sati huɗu. Kar ka ce sai ka yi duka, ta safe da ta yamma su ne ginshiƙi, da safe ana yin waƙar Zakariya a Luka 1:68-79, da yamma waƙar Maryamu a Luka 1:46-55. Littafin yana da tsada ga kuma igiyoyi kala-kala masu rikita mutum, ni dai iBreviary ko Laudate nake buɗewa a waya su jera mini komai, illa iyaka da Turanci ne, sai in buɗe Zaburar a Hausa in karanta ta can.

Da dare bayan isha'i gari ya yi shiru, minti biyar. Ka gode wa Allah kan abu uku da suka faru yau, ka kira su da suna, ko da ruwan sanyi ne wani ya ba ka. Ka bi yinin daga safe ka ga inda ka kauce, wa ka yi wa tsawa, wa ka ci namansa, ka yi addu'ar tuba. Wannan tsarin Waliyyi Ignatius na Loyola ne, kuma shi ke sa in ka je ikirari ba ka tsaya kana sosa ƙeya gaban Fada ba. Ka sa Bishop ɗinmu Matthew Hassan Kukah a addu'a da Fadanninmu da ke bin hanyoyin ƙauyuka a wannan hali na tsaro, da maƙwabcinka da ke kwance asibiti ko wane addini yake yi.

Ranar da ka tsallake, kar ka ce za ka rama biyu gobe, ba bashin adashe ba ne. Kiran asuba na gaba ka tashi zaune ka ci gaba daga alamar gicciye. Carbin kuma ka cire shi daga madubin mota ka sa a aljihun da kake sa makulli.