Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa a darasin numfashi

Kowace shekara, idan jarrabawar BEPC ta gabato, takardun ɗaliban kwaleji a nan Maradi sukan cika da amsa guda wadda ta ishe ni gani: wai huhu ne ke karɓar oksijin ya mayar da ita iskar karbon, wato CO2. Wannan amsa ta taɓa zubar wa aji guda da na koyar maki masu yawa, shi ya sa ba na yi mata sassauci.

Huhu ba ya sauya wata iska zuwa wata, wurin musaya ne kawai. A cikinsa akwai ƙananan jakunkunan iska miliyoyin ɗaruruwa, inda oksijin ke ratsawa ta shiga jini, sinadarin hemoglobin na jajayen ƙwayoyin jini ya ɗauke ta zuwa kowane sashe na jiki. Ainihin aikin yana faruwa ne a cikin ƙwayoyin halitta, wato ƙananan ƙwayoyin da suka gina jiki, musamman a wani sashe nasu da ake kira mitokondiriya, inda ake wargaza sukarin gulukos mataki-mataki domin a samar da makamashin da ake tanadawa a sinadarin ATP. Karbon ɗin da ke cikin CO2 daga abinci ya fito, daga furar da ka sha da tuwon hatsin da ka ci. Ita kuwa oksijin da ka shaƙa, a ƙarshe haɗuwa take da haidurojin ta zama ruwa. Ɗalibi ya hardace cewa gulukos 1 da oksijin 6 suna ba da CO2 6 da ruwa 6, amma a tambaye shi daga ina karbon ya fito sai ya yi zuru, wannan ba ilimi ba ne, haddar aku ce. Ni dai maganina shi ne, ba na barin kowa ya rubuta wannan lissafi sai ya bi hanyar loma guda da bakinsa, daga hanji zuwa jini, zuwa tsoka, har ta fita ta hanci.

Kuskure na biyu shi ne zaton huhu da kansa yake jan iska. Tsokar diyafaram da ke raba ƙirji da ciki ce ke sauka ƙasa, tsokokin haƙarƙari su buɗa ƙirji, matsin da ke ciki ya ragu, sai iska ta shigo, kamar yadda take shiga zugazugin maƙeri idan an ɗaga shi. Nakan sa yara su ɗora hannu a ciki su ja numfashi kafin mu taɓa alli.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Iskar da muke fitarwa ba ta rasa oksijin ba: muna shaƙar kashi 21 cikin 100, mu fitar da kusan kashi 16. Jinin da ke komawa zuciya daga sassan jiki ja ne mai duhu, launin shuɗi na zanen littafi ne kawai. Tsirrai suna yin numfashin ƙwayoyin halitta dare da rana. Abin da ke tilasta maka sakin numfashi bayan ka riƙe shi, galibi taruwar CO2 ce a jini.

Akwai kuma rikita CO2 da CO, wato iskar karbon monoksaid mai guba, wanda illarsa ta wuce ta maki. Lokacin hunturu mutane kan shigar da garwashi ɗaki su rufe ƙofa da taga, alhali gawayi idan bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da CO, iskar da ba ta da wari, wadda ke manne wa hemoglobin fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Huhu na aiki, ƙirji na ɗagawa, amma oksijin ba ta isa ga ƙwayoyin halitta. Wanda ya ji ciwon kai da jiri a irin wannan ɗaki, a fitar da shi waje nan take a kai shi likita.