Yadda ake haɗa ƙaramin inuksuk na ado

Duk wanda ya ga ɗan jerin duwatsun nan a kan teburina sai ya tambayi yadda na yi shi. Asalinsa na mutanen Inuit ne na arewacin Kanada, masu jera manyan duwatsu don nuna hanya ko wurin farauta, wannan jerin shi ne inuksuk. Mai ƙafafu da hannaye kamar mutum, inunnguaq suke kiransa, shi za mu yi.

1. Tsinto duwatsu 6 masu faɗi, kada su wuce tafin hannu. Bar masu sulɓi irin na bakin rafi, zamewa suke yi.
2. Wanke su tas.
3. Shanya su kwana guda.
4. Tsayar da biyu masu tsayi ɗaya, su ne ƙafafu.
5. Ɗora mai faɗi a kansu.
6. Ƙara wani, ya zama ƙirji.
7. Gicciya mafi tsawo, hannaye ke nan.

Hattara: nan yake rushewa. Yi ta juya dutsen har ya zauna daram da kansa, kafin ka taɓa gam.

8. Ɗora ƙaramin a matsayin kai.
9. Ɗiga gam kaɗan tsakanin kowane biyu, daga ƙasa zuwa sama.
10. Bar shi ya kwana ba a motsa shi ba.