Yadda nake haɗa allon ado na ƙyalle, daga buhun tela har bango

Duk wadda ke son fara wannan aiki, abu na farko da za ta nema shi ne tela. Almakashi da allura suna kowane gida, amma ƙyalle mai kyau sai da sanayya. Ki zaɓi shagon da ake ɗinka kayan maza da na mata, domin ki samu shadda da atamfa da yadi a buhu ɗaya. Ki gaishe shi, ki ce, "Malam, don Allah guntayen nan da ake sharewa a riƙa tara mini." Ki kai masa buhun da kanki. Lokacin da ya fi albarka shi ne goman ƙarshe na azumi da makon Babbar Salla, sa'ad da keke ba ya hutawa. Idan kin je ɗauka kada ki tafi hannu rabbana, ko kuɗin shayi ne ki ba yaran shago, su ne masu sharar.

Da buhu ya iso gida, sai tantancewa, kuma a nan nake daɗewa fiye da ko'ina. Yawancin yadin da ke shigowa Kantin Kwari yanzu akwai roba a cikinsa, ido kuma ba ya rarrabewa. Ki yanki ɗan siriri, ki riƙe da almakashi, ki kai shi bakin ashana a tsakar gida. Auduga tana ci da wuta, tana ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Mai roba yana narkewa ya dunƙule, ya bar ƙwallo baƙi mai tauri. Ba na zubar da mai roba, yana da ƙyalli kuma yana da amfaninsa, sai dai tulinsa daban, don ba ya karɓar rini ko kaɗan, kuma dutsen guga mai zafi yana ƙona shi. Bayan nan ki wanke komai, kowane launi a bokitinsa. Wanda ya zuba, ki sake wanke shi har ruwan ya fito fes. Ja da shuɗi mai duhu su ne manyan masu laifi.

Sai gindin aikin, wato yadin da komai zai hau kansa. Ni akoko nake saya, saboda auduga ne zalla, yana da ƙarfi, ga araha. Yana zuwa da sitaci daga masaƙa, kuma yana tsukewa a wankin farko, don haka ki tafasa shi da sabulu da ɗan kanwa kafin ki auna. Idan kina son allo mai tsawon mita 1, ki yanka da rarar taƙi guda a kowane gefe.

Shuɗin gindi kuwa ba na yin sa a gida. Marinar Ƙofar Mata nake kaiwa, wadda ake cewa tun 1498 take aiki. Haɗa ruwan rini a ramin marina sana'a ce ta gado: shuni da toka da katsi, wato lakar tsohon rini, a bar su kwanaki su tsima, ana motsawa ana duban kumfa. Wanda ya taso a kai ya fi ki sanin ranar da rini ya nuna. Naki aikin shi ne ɗauri. Ki zauna da zare mai ƙarfi ki ƙulle wuraren da kike son su fito fari, ko ki ɗinke layi ki ja shi ya tattare. A ja sosai, har yatsa ya yi zafi, domin ɗauri sako-sako ruwa yake sha, zanen ya fito a dishe. In kin kai, ki faɗa wa marinin duhun da kike so da abin da ido zai gani: "Baba, kamar wancan da ke shanye nake so, kada ya kai wannan." Za ki ga yadin ya fito daga rami kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gabanki. Duhu daga yawan tsomawa da shan iska yake zuwa, shi ya sa mai duhu ya fi tsada. Kada ki yi ciniki kamar kina sayen tumatir.

Rinin baba, wato wannan shuɗin na marina, yana da hali ɗaya da ya kamata ki sani: yana goguwa. Turkuɗin da ake yi a Kura ana kai wa Buzaye, ai wannan shuɗin da yake bari a fata yana cikin abin da ake so a gare shi. A allo kuwa ɓarna ce, musamman in za ki ɗora farar shadda a kai. Ki ɗauraye shi sau da yawa, ya bushe, sannan ki jiƙa farin ƙyalle ki goga da ƙarfi. In ya ɗauko shuɗi, a koma bokiti.

Sauran launuka ina yin su a murhu, a tukunyar da ba a girki da ita. Bagaruwa ita ce babbar abokiyata. A daka, a jiƙa ta kwana, a tafasa, a tace, tana ba da ruwan ƙasa mai kyau, kuma tana shirya auduga ta karɓi wani launin. In kin tsoma yadin da ya sha bagaruwa a ruwan da tsofaffin ƙusoshi suka yi tsatsa a ciki, nan take zai koma toka-toka, har ya kusa baƙi. Kada ya daɗe a ciki, ƙarfe yana cin zare. Karan dafi, wanda dukawa ke rina jar fata da shi, yana ba da ja mai duhu. Ɓawon albasa yana ba da ruwan ɗorawa, amma sai yadin ya fara shan bagaruwa, sannan alif, kamar giram 15 ga yadi mai nauyin giram 100. Zoɓo kam a sha shi kawai. A tukunya yana da kyau ƙwarai, a bango kuma yana koɗewa ya zama kamar datti. Kurkur ma haka, rana ba ta raga masa.

Yanzu sai jeri. Ki shimfiɗa gindin a kan tabarma, ki fara ɗora ƙyallaye ba tare da ɗinki ba. Ni ba na zana komai a takarda tukuna, domin sau da yawa ƙyallen ne ke nuna inda zai zauna: wuyan riga da tela ya yanke ya riga ya zo da lanƙwasarsa, sai in ga ƙofar gari a ciki, ko bakin rijiya. Ki fara da manya, ki bar wuri ga shuɗin ya yi numfashi. Masu farawa suna son cike ko'ina saboda ƙyallen yana da yawa kuma kyauta ne. Ki hau kujera ki ɗauki hoto da waya, ki mayar da shi fari da baƙi. In komai ya haɗe ya zama toka ɗaya, launukanki nauyinsu ɗaya ne, ki cire wani ki sa mai haske ko mai duhu. Sai ki rufe da tsohon zane ki bar shi ya kwana. Idon safe ba ya ƙarya. Mai son ganin iyakar abin da shadda kaɗai za ta iya, ta nemi hotunan aikin Abdoulaye Konaté na Mali, wanda yake jera siraran yankan shadda su cika bango guda.

In jerin ya zauna, ki kama shi da fil, ki bi da dogon ɗinki na wucin gadi, sannan ɗinkin gaske daga tsakiya zuwa gefe, don kada ya yi ciki. Ina son zare ya fito a gani, shi ya sa nake amfani da abawa ko zaren hula. Ɗinkin sarƙa irin na masu aikin babbar riga yana zana layi mai kyau, kuma ko rabin aska ɗaya kika aro daga aska takwas, duk Bahaushen da ya gani zai gane ta. Bakin atamfa in kina son tsabta ki kalmasa, na saƙi kuwa ni barinsa nake yi ya zare kaɗan.

Maganar gam gajera ce. Koko ko sitacin rogo yana kiran kyankyaso. Ƙaro yana tsagewa in ya bushe, ya yi danƙo da damina. Gam ɗin da ake narkawa da wuta yana saki da zafin bazara. Farin gam na kafintoci shi ne dama-dama, ɗigo kaɗan, a inda allura ta kasa. Duk abin da za a iya ɗinkewa a ɗinke shi.

Fata da sakaina da duwatsu su ne na ƙarshe. Guntayen fata ana samun su wurin dukawa a Kasuwar Kurmi. Jar fata tana zuba in ta ji ruwa, don haka ba ta hawa sai an gama duk wani wanki da guga. Ki huda ta da basilla kafin ki ɗinka. Sakaina kuma da ƙusa mai zafi ake huda ta, a hankali, daga ciki. In abin yana da nauyi, ki sa wani ƙyalle mai kauri ta baya ya riƙe ɗinkin, in ba haka ba bayan wata biyu za ki ga allon ya saki baki.

Game da lokaci, ban taɓa samun yini guda cur na aiki ba, kuma ba na jiran sa. Bayan yara sun tafi makaranta hasken tsakar gida yana da kyau, shi nake ba jeri da zaɓen launi, domin a ƙarƙashin ƙwan lantarki shuɗi da baƙi ɗaya suke. Ɗauri da ɗinki ba sa son ido sosai, sai da yamma, ana hira ana yi. Allura a koyaushe ina barin ta da zare a jikin aikin, yadda ko minti goma na samu kafin tuwo ya sulala, zan ɗora daga inda na tsaya. Shekara ma a rabe take. Rini da shanya na rani ne. Da hunturu komai yana bushewa da wuri, amma ƙura tana bin farin ƙyalle, sai an rufe. Damina ta ɗinki ce, a ɗaki, kuma a riƙa fito da buhunan ƙyalle suna shan iska don kada su yi fumfuna.

In an gama, ki yi masa shafi da wani akokon, ki ɗinka aljihu dogo a sama ta baya, a zura sanda ko gora a rataye. Wannan ya fi firam sauƙi, kuma ana iya naɗe shi a aika Abuja ko Yamai a mota. In mai saye ya nace sai gilashi, ki gaya wa kafinta ya bar tazara, kada gilashin ya taɓa yadin. Ki ɗinka sunanki da shekara a kusurwar baya. Wajen kuɗi kuwa, ki lissafa akoko, ladan marini, zare, kuɗin mota da sa'o'inki, domin za a ce miki ai tsumma ne. Ki kuma gaya wa mai saye kada ya rataye shi a bangon da rana ke duka, kuma ba a wanke shi, kaɗewa ake yi da busasshen ƙyalle.