Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyaran Tsofaffin Alƙaluman Tawada

Alƙalamin tawada da ya shekara 70 ko 80 a durowa yawanci ba wata babbar cuta gare shi ba. Tawada ce ta bushe a ciki, sai 'yar jakar robar da ke riƙe ta da ta ƙandare. Ɓarnar da ba ta gyaruwa daga baya take zuwa, daga hannun mai ɗokin gyara wanda bai tsaya ya san da me aka ƙera abin ba.

Kuskuren farko shi ne tsunduma alƙalamin gaba ɗaya cikin ruwa don ya jiƙa. Kafin kamfanin Sheaffer ya fara fitar da na seluloyid, wani irin filastik, a 1924, yawancin alƙaluma da roba mai tauri ake yin su, wadda ake kira ebonait. Idan irin wannan robar ta taɓa shan rana, da ruwa ya taɓa ta sai baƙinta ya koma ruwan ƙasa ko kore-kore, kuma ba ya dawowa. Wasu na kamfanin Conway Stewart na Ingila kuma da kasin aka yi su, wani abu da ake samu daga madara, shi kumbura yake yi a ruwa ya lanƙwashe. Ga kuma ƙarfen da ke matsa jakar tawada a ciki, wanda tsatsa za ta ci. Bakin alƙalamin kaɗai za ka tsoma a ruwan sanyi, iya inda tawadar ta daskare. In kana so ka gane irin jikinsa, murza shi da babban yatsa har ya ɗan yi ɗumi ka shinshina: warin taya na ebonait ne, ƙamshin kafur na seluloyid.

Sai batun ƙarfi, kuma a nan aka fi yin asara. Wuyan alƙalami, wato inda ake riƙewa, sau da yawa da shelak aka manne shi a gangar jiki. Shelak wani irin ƙaro ne da ke saki idan zafi ya kai kusan digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. Mai gaggawa sai ya ɗauko filaya ya murɗa, ya ji ƙas, gangar ta tsage daga baki, haƙoran filayar kuma sun zauna a wuyan. Abin yi shi ne a hura masa iskar na'urar busar da gashi ana jujjuya shi, a gwada da hannu a hankali, in ya ƙi a sake hurawa. Zafin da yatsanka ba zai iya jurewa ba ya yi masa yawa. Kada a kusantar da shi ga harshen wuta ko na kyandir ne, don seluloyid kamawa yake yi nan take, kafin ka ankara ya cinye. Sannan ka bincika tukuna ko wuyan na murɗawa ne ko na zarewa, domin wanda ya ja mai zare-zare da ƙarfi ya gama da shi. Haka ma 'yar sandar cika tawada da ke gefen ganga: in ka ɗaga ta ka ji ta cije, tsohuwar jaka ce ta ƙandare a ƙarƙashinta. Bar ta sai ka buɗe ka kankare.

Wajen sa sabuwar jaka, mutane kan zaɓi babba wai don ta ɗauki tawada da yawa. Jakar da ta cika ganga tana shan ɗumin hannu, iskar ciki ta buɗe, tawada ta riƙa ɗiga a takarda. Lambar jaka faɗinta ne a kashi 64 na inci, wato mai lamba 16 rubu'in inci ce, kuma wadda ta dace ita ce mai zamewa cikin ganga ba tare da an tura ta ba. Da shelak ake manna ta, a barbaɗa mata tsantsar hodar talk marar turare. Wanda ya sa gam mai ƙarfi ya rufe wa mai gyara na gaba ƙofa, alhali jakar roba dole wata rana a sake ta.

Akwai wani abu da masu tara tsofaffin alƙaluma suka sani: jakar roba in tana tsufa tana fitar da tururi mai farar wuta da ke dafar da launin seluloyid daga ciki. Shi ya sa a korayen alƙaluman Parker Duofold da yawa ganga ta yi duhu, murfi kuwa yana nan da haskensa. In ajiya za ka yi ba rubutu ba, gara ka bar shi ba jaka.

Ba kowane alƙalami ne ma ke buƙatar buɗewa ba. Parker 51 ya fito a 1941, kuma samfurinsa na Aerometric da aka fara a 1948 yana da jaka mai ƙarko wadda sau da yawa ɗauraya kawai take so. Parker Vacumatic na 1933 da Sheaffer Snorkel na 1952 kuwa suna da kayan ciki masu wuyar sha'ani, ba na ɗan koyo ba ne. A ganina a fara da alƙalamin Esterbrook mai 'yar sanda, wanda ko ya lalace ba a yi babbar asara ba.

Tawadar zane da ake kira ta Indiya tana toshe hanyar tawada, kada ta shiga. Irin su Parker Quink ko Pelikan 4001 sun wadatar. Sifirit kuma yana cin seluloyid, ba abin goge alƙalami ba ne.

Goge-goge ma yana da iyaka. Rubutun kamfani da ke jikin ganga ba shi da zurfi, kuma a alƙaluman Parker da yawa har da 'yar lambar shekarar ƙira a ciki. Wanda ya bi shi da samfefa don ya yi ƙyalli ya share shaidar, darajarsa ta faɗi. Haka bakin da ke karce takarda: sau da yawa zinariya ce, galibi karat 14, da ɗan ɗigon ƙarfe mai tauri a tsini. Duba da gilashin ƙara girma, za ka tarar yawanci ɗaya daga cikin rassa biyu da tsinin ya rabu ne ya ɗara ɗayan. A daidaita shi da farce. In ka goge ɗigon ya tafi, sai ƙwararre ya sake dasa wani.

Wajen saye, bi bakin murfi da farce, tsaga da ido bai gani ba farce zai ji ta. Duba kuma ko launin murfi da na ganga da sunan da ke kan baki sun yi daidai, don akwai waɗanda aka harhaɗa daga alƙaluma daban-daban. In ka kawo gida ka wanke tawadar, ka ajiye shi inda rana ba ta kaiwa, a akwatin da iska ke ɗan shiga.